Ranar da Goɗiya Ta Daina Kuka

Tawa, ƙarshen sanyi
Zuwa ga Baba Manzo, a Abijan

Assalamu alaikum, Baba. Ɗiyarka ce Kaltumi, ta yayanka Haruna, Allah ya jiƙansa. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Ƙanena Muktari yana gaishe ka. Inna, mahaifiyarku, tana can Dutsin Kurciya tare da Gwaggo Raƙiya. Ƙafafunta garau, bakinta ya fi ƙafafun lafiya, idanun ne dai suka tafi gaba ɗaya tun bara.

Da kunnenka yana ji, da waya zan kira ka in faɗa maka wannan magana in huta. Tun da ƙarar injuna ta cinye maka shi, sai takarda. Suleman mai motar albasa ya ce zai kawo maka ita har gareji.

Maganar Goɗiya ce, tsohuwar fijo mai buɗaɗɗen baya da kai da babanmu kuka kawo garin nan tun ban isa shiga makaranta ba. Tun da babanmu ya rasu Muktari ke tuƙa ta. Tsakiyar mako yana bin kwalta zuwa Badagishiri da Kwanni. Ranar Lahadi kuma ya wuce Kalfu da sassafe, ya haura Dutsin Kurciya ya sauko da mutanenmu kasuwar Tawa, da la'asar ya mayar da su, yadda babanmu ya saba. Lafiyarta lau, sai ƙishirwa. Tun da man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya ya yi tsada, duk abin da ta samo cikinta yake komawa. Muktari ya ce shi ba bawan mota ba ne. Ya ce in kaka ta yi ba a ga sauƙi ba, zai sayar da ita ya sayi babur ya shiga kabu-kabu.

Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma ga abin da ke hana ni sakewa. Kowace Lahadi da la'asar Inna takan sa a kai ta gindin aduwar nan ta bakin hawa. Tun motar tana ƙasa wajen rijiyoyi take jin kukanta, da Muktari ya sa giya ta ɗaya, sai ta ce wa Gwaggo ta dama fura. Ta taɓa ce mini, "Muddin ina jin wanga kuka, Haruna bai ƙare tahiya ba." Ban san me zan ce mata ba ranar da kukan ya yanke.

Kai ne makanikin gidanmu, Baba. Ko akwai abin da za a yi wa mota ta rage shan mai ba tare da an canja ta ba?

Ɗiyarka,
Kaltumi


Abijan
Zuwa ga ɗiyata Kaltumi

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da warin albasa a jikinta, na daɗe ina shaƙarta kafin in buɗe. Ina lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, ita da damshin garin nan ba su taɓa shiri ba. Ki gaishe da Muktari, ki ce masa kada ya yi gaggawa. Ki gaishe da Inna, ki ce mata kurmanta yana cin abinci.

Goɗiya ba ta da laifi, haka aka yi ta. Bari in gaya miki yadda abin yake, tun da ke ce mai natsuwar karatu a gidan. Inji yana juyawa, taya tana juyawa, tsakaninsu akwai haƙoran ƙarfe wuri biyu. Na farko akwatin giya, wanda muke ce wa buwat. Na biyu ƙwaryar nan da ke tsakanin tayoyin baya, wadda muke ce wa pon. Su ne ke yanke hukuncin sau nawa inji zai juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Pon ɗin Goɗiya mai gajeren taki ne, kamar jaki: ga ƙarfi, amma ƙafa ba ta hutawa. Giyarta kuma huɗu ce kawai. Shi ya sa in ta hau kwalta take ihu, ihun nan kuwa shi ne man da ke ƙonewa.

In aka sa mata buwat mai giya biyar, aka ba ta pon mai dogon taki irin na motar fasinja, za ta riƙa tafiya kamar raƙumi da sanyin safiya, inji yana numfashi a hankali. Na sha yi wa mutane haka a nan, har yau in suka gan ni sai sun ɗaga hannu.

Tun da na karanta takardarki nake ganin motar nan. Jiya bayan azahar na kwanta ƙarƙashin wata babbar mota zan ɗaure wani noti, barci ya sace ni. Sai ga ni a Goɗiya, muna ratsa fako bayan ruwan farko, duwatsu sun yi baƙi suna ƙyalli, ƙasa tana ƙamshi. Abin mamaki, Kaltumi, a mafarki ina ji. Na ji injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, na ji kurciyoyi. Da na farka sai shirun da na saba.

Abu biyu nake son sani kafin in shiga neman kaya. Wane irin nauyi take ɗauka? Kuma wace hanya ta fi bi? Hawan garinmu kam ba na tambayarsa, na san shi. Da gudu nake haura shi ina yaro, da ɗan akuya a wuya.

Babanki,
Manzo


Tawa, farkon bazara
Zuwa ga Baba Manzo

Assalamu alaikum. Muna lafiya, zafi ya fara. Na isar wa Inna da saƙonka, ta ce wanda ke cin abinci a garin mutane har gemunsa ya yi fari ai ba sai an gaya mata ba. Amma ta sa na maimaita mata sau biyu.

Na tambayi Muktari. Ya ce kwalta ta fi bi, kusan kullum. Nauyi kuma ba wani mai yawa ba ne: 'yan buhunan albasa ko na wake, kwalayen 'yan kasuwa, fasinja biyu a gaba, wasu a baya. Ba ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ranar Lahadi kuwa ai ba kaya take ɗauka ba, mutanen gida ne kawai. Ka san babanmu bai taɓa ƙirga su ba, mu ma ba mu fara ba.

Muktari ya yi dariya da maganar raƙumi, amma na ga ya tsaya yana kallon motar. Ya yarda zai jira.

Kaltumi


Abijan
Zuwa ga Kaltumi

Gaisuwa mai yawa. Lafiyata ƙalau, har na fi kwanakin baya, don na samu abin da ke tashe ni da wuri.

Ga kaya nan wurin Suleman, naɗe cikin buhunan albasa da ya sauke. Buwat ɗin na same shi a filin da ake farfasa tsofaffin motoci. Motar wani tsohon likita ce, ciyawa ta fito ta cikin kujerunta, kaza ta yi ƙwai a bayanta, amma da na sa hannu na juya sandar buwat ɗin sai na ji shi sumul kamar an shafa man shanu. Ni yanzu da tafin hannu nake jin ƙarfe. Na kwance shi, na wanke kowane haƙori, na mayar. Pon ɗin kuma na zaɓo mafi dogon takin da zai shiga gidan Goɗiya. Tun da kwalta take bi kuma nauyinta kaɗan ne, ban ga dalilin rowa ba.

Ku kai wa Zakari na bayan tasha, in yana nan da ransa, tare muka koyi aiki. Ki ce masa ya zuba sabon mai a duka biyun, kada ya mayar da tsohon. Muktari kuma ya saba da ƙafarsa: in ya hau kwalta ya kai ta huɗu, ta miƙe, sai ya tura ta biyar ya sassauta, ya bar ta ta yi tafiyarta.

Ki shiga da kanki a tafiyar farko, ki rubuto mini yadda take kuka yanzu. Ki rubuta da kyau, ɗiyata, kada ki ce mini "lafiya lau" kawai. Ke ce kunnena a wannan aiki.

Nan ruwa ya fara sauka, dare da rana. Rigar da na shanya tun shekaranjiya ba ta bushe ba. Wani lokaci nakan tsaya bakin gareji ina kallon ruwan, in tuna yadda a garinmu ake shanya wanki kan dutse, kafin ka juya ya yi ƙarau.

Manzo


Tawa, ranar Juma'a
Zuwa ga Baba Manzo

Assalamu alaikum, Baba. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Zakari yana nan da ransa, ya ce in gaya maka har yanzu ya fi ka gashi. Ya ɗaura kayan yadda ka ce.

Jiya na bi Muktari zuwa Kwanni. Ka ce in rubuta da kyau, to ga shi. Da muka fita gari ta ɗan yi nauyin tashi, kamar mai barcin da aka tasa. Amma da ta kama kwalta ya tura ta biyar, sai ihun nan da na sani tun ina yarinya ya ɗauke. Abin da ya rage wani gurnani ne can ƙasa, kamar kyanwa ta ƙoshi. Na ji iska a jikin gilashi. Na ji kuɗin ƙarfe suna motsi a aljihun Muktari. Na ji wata mata a baya tana yi wa ɗanta waƙa, ni da ban taɓa sanin ana jin na baya ba. Gonaki suna wucewa an share su ana jiran ruwa, sama ta yi fari fat, ni kuma na jingina kaina, ban san lokacin da na lumshe ido ba. Sai na ga kamar babanmu ne a sitiyari, hularsa a karkace, kai kana gefensa, ba wanda ya tsufa, ba wanda ya tafi.

Muka je muka dawo, man da dā ba ya kai ta gida ya kai ta har da saura. Muktari ya riƙa duba allurar mai yana buga ta da yatsa, ya zaci ta lalace. Na daɗe ban ga haƙoransa haka ba. Allah ya saka maka da alheri.

Suleman bai tashi ba tukuna, zan ajiye takardar nan in ƙara maka labarin Lahadi.

Bayan mako uku

Baba, na so in yage rabin farkon nan, sai na ga gara ka karanta duka.

Ranar Lahadi da safe ta haura babu kowa a ciki, da ƙyar amma ta haura. Ta sauko da mutane lafiya. Da la'asar aka yi lodin komawa kamar kullum. Wannan ta sayo buhun shinkafa, wancan kantun gishiri, wani kwanon rufi, wani tunkiya da 'ya'yanta, maƙerin garin da ƙarafansa, wata amarya da gadonta. Tsofaffi a tsakiya, maza a gefe ƙafafu na reto. A bakin hanya bayan Kalfu muka tarar da wasu namu da suka zo a ƙasa, aka matsa musu. Haka ake yi kullum, ba a barin na gida a hanya.

Da muka iso rijiyoyi Muktari ya sa giya ta ɗaya ya fara hawa. Ba ta yi kukan nan nata ba. Ta yi wani nishi, ta ja har kwanar farko, sai ta fara rawar jiki. Ya danne ambiriyaj, wato kuloci, yana lallaɓa ta har ƙauri ya cika mana hanci, sannan ta mutu, ta fara ja da baya. Allah ya sa maza suka diro suka cusa duwatsu bayan tayoyi. Ba wanda ya ji ciwo. Aka sauke kowa da komai, aka tura, ta ƙi. Tsofaffi suka zauna kan duwatsu har aka aika aka kawo jakuna. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ɗiyar Haruna, mi kunka yi mata? Ta rasa murya."

Muktari ya ce ba zai ƙara hawa da mutane ba, ba zai kashe kowa ba. Yanzu a rijiyoyi yake sauke su, kowa ya san yadda zai yi. Daga can kuwa ba a jin komai a sama.

Lahadin farko Inna ta zauna gindin aduwa har magariba. Ta biyu ma haka. Da na haura a ƙasa na same ta, ta kama hannuna ta ce, "Kun saida ta." Na rantse mata tana nan, gyara aka yi mata. Ta ce, "Motar da ba ta hawowa gida, ina amhwaninta? Kada ki yi mani ƙarya don ban gani." Lahadi ta uku ba ta fita ba. Tana ɗaki kwance, ta juya fuska bango.

Ban san ina kuskuren yake ba. Ka gaya mana abin da za mu yi.

Kaltumi


Tawa, tsakiyar damina
Zuwa ga Baba Manzo

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu nan ruwa ya yi kyau, gero ya rufe kaza.

Shirunka ya yi yawa, Baba. Na yi ta zuwa tasha ina tambaya, ba Suleman ba takarda. In abin da na rubuta ne ya ɓata maka rai, ka yi haƙuri, ba raina aikinka na yi ba. Na san wahalar da ka sha, ka wanke haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya saboda mu. Amma in ka yi fushi ka faɗa, kada ka bar ni ina ta saƙe-saƙe ni kaɗai. Wani direba da ban sani ba zan ba wannan, ya ce ya san Suleman.

Ga inda ake. A kwalta Goɗiya sai hamdala, har wasu direbobi suna zuwa kallonta. Wani mai jigilar kaya tsakanin Tawa da Kwanni ya gan ta ya ce yana so, don shi ba ruwansa da dutse. Muktari ya ce ka ga, gyaran Baba ya sa ta yi daraja, a sayar tun tana da farin jini. Ya ce motar da ba ta kai mutanenmu gida ba ta da bambanci da babur, gara babur ma yana haurawa. Na ce masa babur ba ya ɗaukar tsofaffi da gado. Mun rabu ba daɗi. Ya ce zai jira har a yanke gero don alkawarin da ya yi, ba zai wuce nan ba.

Tsohon pon ɗin na sa an ɗauko mini shi daga garejin Zakari, kafin masu sayen ƙarafa su gan shi. Yana tsakar gidana jingine da bango, kaji suna hawa kansa. Ban san me zan yi da shi ba, kawai na kasa bari a tafi da shi. Wani lokaci in ina tankaɗe nakan dube shi in ji kamar muryar motar tana ciki a kulle.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Kaltumi


Abijan
Zuwa ga ɗiyata Kaltumi

Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna. Motar Suleman ce ta lalace a hanya, ga ruwa ya cinye wata gada, ya daɗe zaune a wani gari da takardarki a aljihu. Wane irin fushi? Ni da ke?

Na fara da ta farko. Da na kai inda kika ce Inna ta juya fuska bango, takardar ta faɗi daga hannuna. A garinmu kin san wanda ake cewa ya juya fuska bango. Na zauna kan taya na kasa buɗe ta biyun, don na ɗauka ta'aziyya ce. Har la'asar tana cikin aljihuna. Da na buɗe na ga kina yi mini faɗa kan shiru, kina maganar kaji, ba ki ce komai game da ita ba, sai na gane tana nan. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Yanzu maganar mota. Kuskuren nawa ne. Na tambaye ki nauyi, kika amsa mini amsar ɗiyar Haruna: mutanen gida ba kaya ba ne. A wajenku gaskiya ce. Amma taya ba ta san ɗan gida ba, kuma ni da aka haifa a garin nan ya kamata in tuna abin da ake nufi da komawa daga kasuwar Lahadi. Sannan hawan. Na daɗe ina hawansa a cikin kaina, kullum yana ƙara kwanciya, har ya zama ɗan tudun da yaro ke haurawa da gudu. Da wannan tudun na auna pon ɗin, ba da dutsenku ba.

Ki riƙe tsohon pon ɗin nan da kyau, ki kore kajin. Shi za a mayar. Buwat mai giya biyar zai zauna inda yake. Ta haka giya ta ɗaya za ta dawo da ƙarfinta na dā, ta biyar kuma ta ba inji hutu a kwalta. Ba za ta yi shirun da kika ji a hanyar Kwanni ba, kuma sauƙin man ba zai kai wancan ba, wataƙila rabinsa. Ki gaya wa Muktari haka ƙarara, kada ki ƙara masa gishiri. Rabin nan nake fatan zai ishe shi ya riƙe iyalinsa. Faifan ambiriyaj ɗin da ya ƙone zan taho da sabo.

Kin karanta daidai, zan taho. Ba zan ƙara auna dutsen nan daga nesa ba. Suleman zai juyo in ya ƙarasa gyaran motarsa a nan, na ce ya ajiye mini wuri kusa da shi. Abin da nake roƙon Muktari Lahadi ɗaya ce kawai, da lodinta cikakke. In ta kasa, ni da kaina zan miƙa wa mai sayen makulli.

Kada ki gaya wa Inna. In na ce ina tafe hanya ta riƙe ni, zaman jiran zai fi mata ciwo.

Babanki,
Manzo


Dutsin Kurciya, Litinin da hantsi
Zuwa ga Baba Manzo, da ke zaune gindin aduwa

Assalamu alaikum, Baba. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, daga ƙofar ɗakin nan ina hango ka kana shan fura. Za ka yi dariya in na miƙo maka takarda alhali taki kaɗan ne tsakaninmu. Amma jiya an yi maganganu da yawa a kanka, kana ta murmushi kana gyaɗa kai, na san ba ka ji ko ɗaya ba. Ka ce ni ce kunnenka a wannan aiki, to aikin bai ƙare ba.

Na fara da Muktari. Ka san shi da ƙarancin magana, ba zai rubuta maka ba. Tafiyar Kwanni da kuka yi ranar Alhamis bayan kun mayar da pon, ya ce man bai yi saura kamar wancan karon ba, amma ya kai ku gida ba a tsaya wurin mai kwalba ba. Jiya da kuka iso sama, lokacin da kake zagaya motar kana taɓa tayoyi, ya koma gefe ya kira mai sayen a waya. Na ji da kunnena ya ce masa, "Alhaji, ka nemi wata. Wagga ta gida ta."

Sauran kuma na Inna ne. Ka san na riga ku haurowa tun Asabar. Jiya da la'asar na ce mata ta fito ta sha iska. Ta ce ba ta fita, iska ta same ta a ɗaki. Na ce to ni zan zauna a tabarmarta in cinye goronta. Ta zage ni, ta tashi. Muka zauna gindin aduwa, ni da ita da Gwaggo Raƙiya. Gero ya yi kai a gangare, hadari ya taru can gabas bai iso ba, kurciyoyi suna ta kuka. Inna tana ta jan carbi.

Sai can ƙasa wajen rijiyoyi aka sa giya ta ɗaya. Baba, da ka ji. Kukan nan ne, shi ɗin dai, mai kaushi, yana haurowa yana bugun duwatsu yana dawowa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ɗaga kai, ta juyo da kunnenta. Na ga leɓenta yana motsi, sunan babanmu take kira. Ta ce wa Gwaggo, "Tashi ki dama hura." Gwaggo ta tashi.

Motar ta wuce kwanar farko. A nan Muktari yakan sassauta ƙafa kaɗan, babanmu ma haka yake yi, don tausayin inji. Jiya ba a sassauta ba. Kukan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, har tumaki suka watse, ni kaina na dafe ƙirji. Daga baya Muktari ya ce yana gefenka yana ta yi maka alama da hannu, kai kuwa idonka na kan hanya, tafinka na kan sandar giya, kana murmushi.

Inna ta kama hannuna ta matse. Ta ce, "Wanga ba Muktari na ba." Ta ƙara saurare. Ta ce, "Raƙiya, ƙara gero, ki sa nono da yawa." Sannan ta lalubi sandarta ta miƙe tsaye, ita da ta daɗe kwance a ɗaki, ta gyara kallabinta, hawaye yana bin fuskarta. Motar ba ta ma fito daga kwana ta ƙarshe ba ta ce, "Wanda ka tuƙa ta yau bai jin kukanta. Ɗana na. Manzo ya zaka gida."

Abin da ya biyo baya ka gani da idonka. Lokacin da take shafa fuskarka tana magana, kana ta cewa "Na'am, Inna, na'am," ba wani dogon zance take yi ba. Cewa take ka rame, kuma gemun bai yi maka kyau ba.

Yanzu ta aiko ni in tambaye ka wata magana, ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe don kada ka ce ba ka gani ba. Wa zai hauro da Goɗiya Lahadi mai zuwa? Tana zaune dama da kai. In amsar ita ce wadda take so, ba sai ka rubuta ba, ka kama hannunta kawai.

Ɗiyarka,
Kaltumi